Manniru da Beben Agogo

Duk wanda ya saba bi ta bakin Kasuwar Wuse a 'yan shekarun baya, wajen da tasi masu kore da fari suke sauke mutane, da wuya a ce bai taɓa gilma wa Manniru ba. Dogo ne siriri, yana tafe da faifan katako rataye a wuya, agoguna jere a kai layi-layi. Ba na manya ba ne. Irin baƙaƙen nan ne na roba masu lamba, waɗanda leburori da masu gadi suke ɗaurawa, in ɗaya ya mutu a jefar a sayi wani.

Ɗan wani ƙauye ne a gefen kogin Haɗejiya. Mahaifinsa masunci ne, a gabansa ya koyi saƙar taru tun hannunsa bai gama ƙwari ba. Da ciyawar kacalla ta cinye ruwan garinsu, kwalekwale ya daina wucewa, kifi ya ja baya, sai maza suka fara fita ɗaya bayan ɗaya. Manniru ya bar matarsa Luba da 'ya'ya a gida, ya hau mota ya zo Abuja. Ya yi dako, ya tura baro, ya fere rake. A ƙarshe ya tsaya a kan agogo, don shi ne kayan da ba ya ruɓewa in rana ta faɗi ba a sayar ba.

Shekara tara yana sayar da agogo bai taɓa buɗe cikin ɗaya ba.

Ruwan sama ne ya jawo. Wata ranar damina ruwa ya kora su ƙarƙashin barandar wani shago, shi da Yamusa, abokin yawonsa mai sayar da tabarau, wanda suke ɗaki ɗaya a Karmo. Zaman ya yi tsawo. A cikin kayan Manniru akwai wani agogo da fuskarsa ta yi tabo a gefe, kowa ya ɗauka sai ya ajiye. Don rashin abin yi ya ari ƙaramar sukurudirebar da Yamusa ke ɗaure tabarau da ita, ya kwance sukuru huɗun da ke baya, ya ciro cikin. Sai ya ga wata siririyar leda mai duhu manne a kan gilashin lambobin, gefenta ya ɗan ɗago. Ya sa reza ya ɓare ta a hankali.

Lambobin suka ɓace. Fuska ta koma fili fetal.

"Shi ke nan, ka yi masa yankan rago," in ji Yamusa. "Allah ya ji ƙan agogo."

Manniru ya yi sauri ya mayar da ledar, amma a ruɗe ya ɗora ta a kaikaice. Sai ga fuskar ta koma baƙa wuluk, lambobi kuwa farare sol, suna tafiya abinsu. Ya juya ledar, fuska ta dawo yadda take. Ya sake juyawa, ta koma baƙa.

"Yamusa! Yamusa, duba! Kai, duba mana!"

"Na gani."

"Ba ka gani ba! Sake dubawa!"

Ruwa ya ɗauke, mutane suka watse, Manniru yana tsugune yana juya leda yana dariya shi kaɗai. Wannan agogon bai sayar da shi ba. Ya ɗaura a hannunsa na hagu.

Daga ranar abin ya kama shi kamar zazzaɓi. Ya riƙa bin masu gyaran waya yana roƙon fasassun gilasai don ya ɓare ledarsu. Ya gano in ya yanka ledar alewa mai launi ya shimfiɗa a ciki, fuska takan fito ja ko ruwan goro. Ya koyi cire ɗan ƙwan fitilar ciki, mai hasken da bai kai na tsinken ashana ba, ya dasa shuɗi mai ƙarfi. Maɗaurin roba kuwa, wanda yakan tsinke cikin wata biyar, ya daina kula shi. Ya sayo zaren taru kala-kala ya riƙa saƙa nasa, da ƙullin da mahaifinsa ya koya masa. Direbobi suka fara tambayarsa. Wata ma'aikaciyar banki ta sa ya yi mata mai ruwan hoda. Wani mai gadi ya ce shi dai a sa masa kore, launin ƙungiyar ƙwallonsa.

Sai dai mai neman Manniru ba ya samunsa. Yau yana nan, gobe masu kamen 'yan talla sun koro shi can. Sau biyu suka tafi da faifan gaba ɗaya. Ga gwiwa ta fara magana. Kuma agogo ba ya buɗuwa a tsaye. Sukurunsa bai kai ƙwayar gero ba, iska kaɗan ta isa ta ɗauke shi. Abin da Manniru yake so a duniya a lokacin bai wuce faɗin tabarmar salla ba: inda zai kafa tebur, ya zauna, a san nan ne wurinsa.

Wata Asabar cikin zafin watan Maris yawo ya kai shi kasuwar kifi ta Kado. Yana ratsa layin masu tarwaɗa, yana tsallake ruwan da ke malala, sai ya ji an ce:

"Kai, Mai Agogo! Zo nan, ku ne macutan."

Wata mata ce mai jiki, ta haura hamsin, da ɗankwali ɗaure tamau da wuƙa a hannu. Mama Miriam ake ce mata. Daga kudancin Kaduna ta zo tun kasuwar ba ta cika haka ba. Manyan bahon roba shida ne a gabanta, tarwaɗa masu rai suna ta juyi a ciki.

"Mama, ni ban taɓa sayar miki da komai ba."

"'Yan'uwanka sun sayar. Duba." Ta jawo wani gwangwani daga ƙarƙashin tebur ta zazzage. Agoguna bakwai, duk irin nasa, kowanne fuskarsa ta yi hazo. "An rubuta a jiki wai ba ya jin ruwa. Wane ruwa? Ruwan oyinbo, na ƙasar Turawa? Sati uku a hannuna sai ya rufe ido."

Manniru yana duba gawawwakin, amma rabin idonsa yana wani wuri. A gefen rumfarta akwai wani lungu da aka janye tsohon firiza daga ciki. Da rufi, da bango ta ɓangare biyu. Iska ba ta shiga.

Ta ga inda yake kallo. Irin matan nan ba a ɓoye musu ido.

"Saleh mai kayan miya ya riga ka. Kullum sai ya zo ya gaishe ni har ƙasa saboda lungun nan."

"Mama, in na yi miki agogon da ruwa ba zai kashe ba fa?"

Matan da ke kusa suka sa dariya. Mama Miriam ta goge wuƙa a jikin zani.

"Ka kawo Litinin. In ya yi mini aiki har Asabar mai zuwa, ka zo da teburinka. In bai yi ba, Saleh ya zo da tattasansa."

Manniru ya ɗauki faifai ya fita har yana tuntuɓe.

Ya san abin da zai yi, don ya daɗe yana son gwadawa. Wani mai gyaran inji ya taɓa nuna masa wani mai fari tas kamar ruwa, silikon suke ce masa, wanda ba ya lalata kayan lantarki. Lissafin Manniru mai sauƙi ne: ruwa yana shiga agogo ne don akwai wuri a ciki. In aka cika wurin da mai, ina ruwa zai zauna?

Ranar Lahadi da hantsi ya baje a ƙofar ɗakinsu. Ya zaɓi sabon agogo, ya juya masa leda fuska ta koma baƙa, ya sa shuɗiyar fitila. Ya zuba man a kwanon sha, ya nutsa agogon a buɗe, yana taɓa shi da tsinke har kumfa ta daina fita. A can cikin man ya rufe bayan, ya ɗaure sukuru huɗu da yatsu suna santsi. Ya ciro ya goge. Lambobin sun taso kamar a saman gilashi aka zana su. Ta kowace kusurwa ka duba sai ka gan su.

"Yamusa, zo ka ga ikon Allah!"

"Miyar agogo ka yi? Saura gishiri."

Manniru ya jefa shi a bokiti, suka tafi sallar azahar, suka dawo. Yana aiki. Ya bar shi har la'asar. Yana aiki. Ya saƙa masa maɗauri ja da baƙi, faɗin yatsa biyu, yana saƙa yana waƙar masunta ta garinsu. Har Luba ya kira a waya ya ce ta fara addu'a, akwai magana.

Litinin da safe Mama Miriam ta karɓa, ta jujjuya, ta cilla shi cikin bahon tarwaɗa. Kifaye suka yi ta bin ta kansa. Bayan ta sallami mutum uku ta sa hannu ta lalubo shi. Yana aiki. Ta ɗaura.

"Maɗaurin dai ya yi kyau," ta ce.

Fuskar da ya sha wahala a kanta ko kallo ba ta yi mata ba. Manniru ya lura, amma murna ba ta bar shi ya tsaya a kan abin ba.

Ya so ya daure har Asabar, ya kasa. Laraba da ƙarfe goma ya ja Yamusa suka nufi Kado. Tun daga nesa ya hango agogon a hannunta. Da suka matso sai ya ga tarwaɗa biyar a kan tebur, an ware su gefe, cikinsu ya yi fari.

"Mama, barka da kasuwa. Yana aiki ko?"

"Yana aiki wa kansa."

"Ruwa ya shiga?"

"Ruwa bai shiga ba. Magana ma ba ta fita." Ta nuna kifayen da bakin wuƙa. "Jiya uku, yau biyu. Mai Agogo, bebe ka kawo mini."

Ta ƙara da cewa:

"Ka taɓa ganin na duba agogo? Da wane idon? Ɗaya yana kan wuƙa, ɗaya yana kan kwastoma. Ni kunne nake sa masa. Duk awa in ya yi tit-tit sai in sa hannu a ruwa, in ya yi ɗumi in zubar in zuba sabo. Shekara nawa haka nake yi. A zafin nan, ruwa ya wuce lokacinsa kaɗan, kifi ya juya ciki. Naka tun Litinin ko tari bai yi ba."

Ya karɓi agogon ya danna, ya kai kunne. Can ƙasa ya ji wani abu kamar motsin sauro a cikin tulu. A jikin murfin baya akwai wani ɗan faranti da yake rawa ya ba da ƙara. Man da ya hana ruwa wuri ya hana farantin rawa.

Daga can tsallaken layi wani gajere mai hula ya ɗaga musu hannu yana murmushi.

"Saleh ke nan," in ji Mama Miriam. "Ya ji labari. Har ya auna lungun da igiya."

"Mama, Asabar muka ce."

"Kafin Asabar kifi nawa zan binne? Yau. In na ji muryarsa daga cikin ruwa kafin in tashi kasuwa, magana tana nan. In ban ji ba, ka gaida Wuse."

Manniru ya sauke faifai. Ya kifa wani baho a cikin lungun, ya shimfiɗa farin hankici a kai, ya zauna a kan bulo. Wannan ne zamansa na farko a wurin, kuma ya ji yadda bango ya tare masa iska.

Ya kwance bayan, ya tsiyaye man. Yamusa ya je kemis ya sayo sifirit da auduga. Manniru ya wanke komai ɗaya bayan ɗaya, ya shanya a kan hankici. Yana aiki yana magana da kansa. Ta ina ruwa yake shiga? Ta zoben robar murfi, da ta madannai uku. Zobe dai a sa sabo a shafa masa man shafawa mai kauri. Madannai fa? Sai ya ɗago kai.

"Mama! Kina danna shi?"

"In danna me?"

"Waɗannan na gefe. Fitila, ko gyaran lokaci."

"Da wannan hannun? Ban taɓa ba."

Ya buga cinya. "To ai ƙofofi ne da ba mai bi! Yamusa, je wurin masu gilashin taga, ka samo mini gam ɗin da suke toshe gefe da shi. Yi sauri, don Allah!"

"Ni fa tabarau nake sayarwa, ba ɗan aikenka ba ne," in ji Yamusa, yana tafiya.

Ya haɗa agogon ya danna. Shiru. Ko sauron ma babu. Ya sake buɗewa, zufa tana ɗiga daga haɓarsa. Akwai wani ɗan sifirin na murɗaɗɗiyar waya, bai kai gashin ido tsawo ba, wanda yake kai wuta ga farantin. Raminsa fanko ne. Sifirin ɗin ya bi man da aka tsiyaye, ya tafi cikin kwatar kasuwa.

Agoguna arba'in ne a kan faifai, kowanne da nasa sifirin a ciki. Ya dube su. Na sayarwa ne, kuma bai taɓa sayar wa mutum abin da ya cire wa wani abu ba. Ya kwance na hannunsa na hagu, mai tabo a gefe. Ya buɗe, ya ɗauko sifirin da hantsaki yana riƙe numfashi, ya dasa. Ya rufe ya danna.

Tit.

"Ya yi! Mama, ya yi!"

"Wanda aka matsa wa wuya ya yi kuka ba shi nake nema ba. Ya yi da kansa, a cikin ruwa."

Ya daidaita lokaci da wayarsa, ya toshe madannan uku da gam, ya shafe da yatsa, ya ajiye a bakin rana. Dole a jira ya bushe. Ya kai shi can bayan rumfa inda ba a fantsama ruwa, ya dawo ya taya ta zubar da ruwan baho duk awa, yana duba waya. Hannun ɗan masunci bai manta ba. Ya kamo wata ƙatuwar tarwaɗa ta bayan kai ba tare da ƙayarta ta taɓa shi ba, Mama Miriam ta dube shi ta gefen ido.

Ƙarfe uku da rabi ta ɗaura. Ta ci gaba da aikinta, hannu a ruwa, hannu a waje. Labari ya riga ya zaga layin. Saura minti biyar huɗu ta cika, mata suka fara matsowa da wuƙaƙensu a hannu. Saleh ma ya zo ya tsaya da igiyarsa a aljihu. Mama Miriam ta tsoma hannun hagu cikin baho har gwiwar hannu, ta bar shi a can.

Yamusa ya sunkuyo. "Wai ka kunna masa ƙarar awa kafin ka toshe?"

Manniru ya shiga tunani. Ya tuna ya daidaita awa. Ya tuna ya daidaita minti. Ɗan hoton ƙararrawa da yake fitowa a kusurwa, ya gan shi ko bai gan shi ba? A baƙar fuskar nan tasa, cikin hasken rana, ba komai ake gani ba. Tun da ya kai shi bayan rumfa kuma ba wanda ya je kusa balle ya ji.

"Mama, ɗan ciro hannun in duba wani abu."

"Ba na cirowa."

"Daƙiƙa ɗaya."

"Oga, ka yi aikinka ka gama. Bar shi ya yi nasa."

Wata mai suna Precious ta ɗaga waya tana ƙirge. Saura minti ɗaya. Aka daka wa mai injin niƙa tsawa ya kashe. Layin tarwaɗa na Kado, wanda ba a jin kiran waya a cikinsa, ya yi tsit har ana jin kifi yana bugun roba. Saura daƙiƙa goma, Mama Miriam ta ɗago hannun daidai saman ruwa, yana ɗiga. Manniru ya rufe ido.

Tit-tit.

Ihu ya tashi. Precious ta rangaɗa guɗa, wata ta hau buga baho da murfin tukunya. Yamusa ya rungume Manniru har tabarau biyu suka faɗi cikin kwata. Manniru kuwa sai faɗi yake, "Kun ji? Kun ji shi?" kamar akwai wanda bai ji ba. Saleh ya yi dariya, ya miƙo masa hannu, ya ce dama lungun ya yi wa buhunansa kaɗan.

Mama Miriam ta taɓa ruwan bahon farko, ta karkata shi ta zubar. Sai da ta cika shi da sabo sannan ta yi magana.

"To, Mai Agogo. Ka toshe ko'ina. Ran da ya yi gaba ko ya yi baya, wa zai gyara mini lokaci?"

"Sai an buɗe ta baya, Mama. Sai wanda ya san cikinsa."

"Kuma in ta bin sa Wuse ina nema?"

Manniru ya sosa ƙeya. "Da dai yana kusa."

"Teburin kada ya wuce nan," ta ce, ta ja layi da ƙafa a kan siminti. "Kuma ba na son warin gam da safe."

Yau shekara uku ke nan. Wanda ya shiga layin tarwaɗa zai gan shi a lungun, da gilashin ido ɗaya da hankici fari a kan tebur, zaren taru kala-kala rataye a ƙusa. Masu wankin mota suna zuwa, da mahauta, da matan Ushafa masu ginin tukwane waɗanda yumɓu ke cinye musu agogo. Luba ta zo sau biyu ta ga wurin. Kusan kowace mace a layin tana da nata yanzu, kuma da yake shi yake daidaita su duka, in awa ta cika sai ka ji layin ya ɗauka gaba ɗaya, hannaye su shiga ruwa.

Duk wanda ya zauna a bencinsa, kafin Manniru ya taɓa sukurudireba sai ya tambaye shi aikin me yake yi, da ido yake bin agogo ko da kunne, a rana ko a inuwa. Wasu har su ƙosa.

Na hannunsa na hagu har yanzu ba ya magana. Yamusa ya sha ce masa sifirin nawa ne a cikin gwangwaninsa, ya ɗauki ɗaya mana ya sa. Manniru yakan ce zai sa, in ya samu lokaci.